Wane katin girafik ne zai zauna a cikin Dell OptiPlex 7040?

Tambaya: Ina da Dell OptiPlex 7040 tokumbo, furosesa i5-6500, RAM 8GB. Ina tace bidiyon bukukuwa da Premiere, da dare kuma ina son buga FC 24, amma wasan ko tafiya ba ya yi. Wani mai shago ya ce in ɗauki RTX 3060, wani kuma ya ce RX 580 mai 8GB ya fi araha. Monitata mai VGA ce. Wanne zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, a cikin biyun nan babu wanda zai yi aiki a kwamfutarka yadda take a yanzu. Ba don katunan ba su da kyau ba, sai don OptiPlex kwamfutar ofis ce, kuma a irinta akwati da fawa-fak, wato na'urar da ke raba wa kayan ciki wuta, su ne suke zaɓar maka kati, ba aljihunka ba. Kafin ka koma kasuwa, ka kashe ta, ka zare wayar wuta, ka buɗe murfin gefe, ka nemo tef ɗin awo irin na tela. Abin da za ka gani a ciki ne zai yanke hukunci.

Ba ka faɗi girman akwatin ba, alhali 7040 kala uku ce. Akwai Micro, 'yar mitsitsiya kamar littafi: ita ba ta da gurbin PCIe, wato inda ake soka katin girafik a jikin madabod, kwata-kwata, don haka zancen kati ya ƙare tun nan. Akwai SFF, siririya, wadda ake kwantarwa a ɗora monita a kanta. Sai MT, mai tsayuwa, wadda ta fi su faɗi. Bambancin SFF da MT ba na ado ba ne. Ƙarfen bayan kati, wanda ramukan HDMI suke jikinsa, tsayinsa a kati na yau da kullum milimita 120 ne, a gajeren kati kuma wajen milimita 80. MT tana ɗaukar dogon, SFF gajeren kaɗai take ɗauka. A kwalin gajeren kati za ka ga an rubuta LP. Yawanci yana zuwa da ƙarafuna biyu, dogo da gajere, ka kwance ɗaya ka ɗaura ɗaya. Idan na hannu za ka saya, ka tabbata gajeren ƙarfen yana nan, domin shi ne abin da ya fi ɓata a hannun masu sayarwa, kuma na wani kati ba ya hawa wani saboda ramukan ba wuri ɗaya suke ba.

Awo uku za ka yi. Tsawo: daga bangon baya inda ƙarfen yake zama zuwa abu na farko da zai tare kati, wanda a Dell yawanci kejin hadis ne ko tarin wayoyi. A 7040 MT kejin yana jikin ƙofar gaba mai buɗewa, saboda haka ka yi awon bayan ka mayar da ita, kada ka auna tana buɗe ka ga fili ka yi murna. Tsayi: daga gurbin zuwa murfi, kuma ka bar wajen milimita 30 idan katin yana karɓar wayar wuta ta sama, don kan wayar ma yana cin wuri. Kauri: kowane gurbi ɗaya a bayan akwati milimita 20 ne da ɗoriya kaɗan. Katin da aka ce mai gurbi biyu ne zai ci wajen 40, manyan na yanzu kuma suna kai uku.

Kaurin nan ne yake kayar da masu SFF. A OptiPlex SFF na wannan zamanin, babban gurbin x16, mai layi goma sha shida, yana maƙale da fawa-fak, ƙasansa babu fili. Kati mai gurbi biyu ba ya samun wurin da fankarsa za ta zauna. Mutane sukan mayar da shi ɗaya gurbin, mai layi huɗu, ya yi aiki, amma da hanya ƙarama. Ka leƙa naka ka ga yadda aka jera su kafin ka biya kuɗin kati mai kauri.

Yanzu wuta, wadda ita ce ainihin maganar.

Kati yana samun wuta ta hanya biyu. Gurbin PCIe da kansa yana ba da har wat 75. Abin da ya wuce haka sai ta waya daga fawa-fak: mai haƙora shida tana ƙara wat 75, mai haƙora takwas tana ƙara 150. RTX 3060 yana jan wat 170, kuma Nvidia ta ce a haɗa shi da fawa-fak na wat 550. RX 580 ya fi shi ci, wat 185, ga shi kuma kati ne na 2017. Fawa-fak ɗin 7040 MT wat 240 ne, na SFF 180, kuma babu ɗayansu da ke da wayar haƙora shida ko takwas. Duba takardar da ke manne a jikinsa za ka gani da idonka. Lissafin ba wuya: furosesarka wat 65, madabod da RAM da hadis da fankoki ka ba su wajen 40, ka ɗora 170 na RTX 3060, ka kai 275. An wuce 240 tun ba a fara wasa ba.

A nan ne wani zai ciro 'yar waya daga aljihun tebur, kai ɗaya na SATA, irin wanda ke ba hadis wuta, ɗaya kan mai haƙora shida ko takwas, ya ce matsala ta ƙare. Kada ka karɓa. Kan SATA yana da fil uku na bolt 12, kowanne an yi shi don amfiya 1.5, jimilla wat 54. Kai kuma kana neman 75 ko 150 ta cikinsa. Robar takan yi zafi ta narke, wani lokaci har da tartsatsi. A 7040 abin ya fi muni, domin wayar SATA ba daga fawa-fak take fitowa kai tsaye ba, daga jikin madabod take, ke nan duk wutar da katin zai ja ta cikin bod ɗin za ta bi. Ranar farko yana iya yin aiki lafiya lau, shi ya sa mai shago yake rantsuwa cewa ya sha yi wa mutane. Ranar da aka bar bidiyo yana fita na awa biyu cikin zafin Afrilu ne ake jin ƙauri.

To a canza fawa-fak ɗin mana? A kwamfutar da aka harhaɗa da kayan kasuwa, aikin minti ashirin ne. A 7040 kuwa Dell ta yi nata tsarin: jikin fawa-fak ɗin ba girman ATX na kasuwa ba ne, kuma wayar da ke shiga madabod ba mai haƙora 24 da kowa ya sani ba ce, ƙarama ce tasu ta kansu. Ana sayar da adafta, kuma akwai masu yin dabarar, amma sabon fawa-fak ɗin ba zai samu mazauni a cikin akwatin ba, sai dai a ajiye shi a waje wayoyi suna reto. Mayar da madabod ɗin wani akwati ma wahala ce, tunda ramukan USB na gaba a jikinsa suke. Tsofaffin da suka riga ta, kamar 7010 MT da 9010 MT, sun fi sauƙin kai ta wannan fuska, don wayarsu mai haƙora 24 ce. 9020 MT tana tsakani: girman ATX ne, amma sai da adafta. Kai dai da 7040 a hannu, hanyar da ta dace ita ce ka tsaya a katin da gurbi kaɗai ke ciyar da shi, wato wat 75 zuwa ƙasa.

Katunan wannan aji ba su da yawa, kuma ba duka ne suka cancanci kuɗinka ba.

Wanda ya fi dacewa da aikinka shi ne RTX 3050 mai 6GB, wanda ya fito a farkon 2024. Wat 70 yake ja, ba ya neman waya, kuma akwai shi dogo akwai LP. Ka lura da kyau: RTX 3050 biyu ne. Mai 8GB na 2022 wat 130 yake ci kuma sai da waya, ba naka ba ne, ko da mai sayarwa ya ce ai 8 ta fi 6. Mai 6GB ɗin ya fi ɗan'uwansa rauni, amma a cikin masu wat 75 na kasuwa yana cikin na gaba, ga kuma NVENC, wato ɓangaren da ke matse bidiyo zuwa H.264 da H.265 ba tare da an ɗora wa furosesa ba. Ga mai tace bidiyon biki, wannan ɓangaren ya fi duk wata lamba da ke jikin kwali amfani. Premiere yana amfani da shi wurin fitar da aiki, kuma da furosesa mai kai huɗu irin naka za ka ga bambancin tun fitarwar farko.

Ƙasa da shi akwai GTX 1650 mai 4GB, na 2019, wat 75. Shi ne ya daɗe yana riƙe da kwamfutocin ofis, kuma tokumbonsa yana da yawa. Yana da NVENC, yana buga FC 24 a 1080p idan ba ka cika masa kaya ba. Tarkonsa ɗaya: wasu samfuran suna da ramin haƙora shida a gefe ko a sama, kuma idan ramin yana nan katin ba zai tashi ba sai an ciyar da shi. Ka juya katin ka duba duk gefunansa. GTX 1050 Ti, na 2016, shi ne mafi ƙarancin abin da masu FC 24 suka ce wasan yana buƙata. Zai tafi, amma yana bakin iyaka, kuma Nvidia ta riga ta rufe sabunta direbobin wasa na jerin GTX 10 a Oktoban 2025, saura gyaran tsaro kawai. Sai in an ba ka shi da arahar gaske.

RX 6400 na AMD kati ne mai jan hankali ga mai SFF: wat 53, kuma akwai samfurinsa siriri mai gurbi ɗaya da ke zama a babban gurbin ba tare da taɓa fawa-fak ba. Amma yana da aibi biyu da suka faɗo daidai kanka. Ba shi da na'urar matse bidiyo ko kaɗan, AMD ta cire ta. Sannan layi huɗu kacal yake amfani da su. An yi shi don PCIe 4.0, inda kowane layi ke ɗaukar kusan 2GB a daƙiƙa, jimilla 8. Taka 3.0 ce, kowane layi kusan 1GB, ya koma 4. Muddin wasa bai cika 4GB ɗin da ke jikin katin ba, ba za ka ji sosai ba. Da zarar ya cika, katin ya fara aron RAM ta wannan siririyar hanya, sai hoto ya riƙa sarƙewa. Ga wanda wasa kaɗai yake yi a SFF, zaɓi ne. Ga mai Premiere, a'a.

GT 1030 kuwa ka bar shi inda ka gan shi. Amfaninsa ƙara monita ko kallon bidiyo, ba shi da NVENC, kuma akwai samfurinsa mai DDR4 da ke yin kusan rabin aikin mai GDDR5 alhali suna ɗaya suke ɗauke da shi. Intel Arc A310 da A380 suna da kyau ƙwarai wurin matse bidiyo, har sabon tsarin AV1, sai dai wasa a kansu yana dogara da wani tsari na BIOS mai suna Resizable BAR, wanda Intel ta ce sai furosesarta ta ƙarni na 10 zuwa sama, taka kuma ta 6 ce. Akwai kuma RTX A2000, katin injiniyoyi na 2021, gajere, wat 70, mai 6GB ko 12GB, wanda ya fi RTX 3050 mai 6GB ƙarfi. Idan ka ci karo da shi an ciro daga kwamfutar ofis da farashi mai daɗi, ka duba shi da kyau, amma mai gurbi biyu ne.

Idan MT ce taka, RTX 3050 mai 6GB ko GTX 1650 zai kai jimillar jan wuta wajen 180 a cikin 240, akwai sarari. Idan SFF ce mai 180, lissafin yana kai 175 zuwa 180, an matse sosai. Mutane da yawa suna yi kuma yana tafiya, tunda ba kullum furosesa da kati suke kai ƙarshen cinsu lokaci guda ba, amma fawa-fak ɗin nan ya kai wajen shekara goma yana aiki, kuma littafin wasu SFF na Dell yana rubuta wa gurbin ƙasa da wat 75. Idan ka bi wannan hanya, ka cire tsohon hadis mai juyawa da na'urar DVD ka sa SSD, sannan ka rage iyakar wutar katin zuwa kashi 85 cikin 100 da manhajar MSI Afterburner idan katin ya yarda. Asarar gudun ba ta kai abin damuwa ba. Alamar cewa fawa-fak ya gaza ita ce kwamfuta ta mutu farat ɗaya ana tsakiyar wasa ko fitar da bidiyo, babu shuɗin allo babu saƙo.

Akwai dalili na biyu da ya sa RTX 3060 ba naka ba ne ko da wuta ta isa. i5-6500 kai huɗu gare shi, zare huɗu, gudun 3.2 zuwa 3.6GHz. Shi ne ke lissafin motsin 'yan wasa 22 da ƙwallo kafin ya miƙa wa kati ya zana. Idan kati ya fi shi sauri nesa, sai ya zauna jira, ka biya kuɗin ƙarfin da ba za ka taɓa gani ba. Daidai ruwa daidai tsaki. Za ka iya gane wanda ke riƙe ɗan'uwansa da kanka: ka buɗe Task Manager ana cikin wasa, idan furosesa yana 100 kati yana 60, ƙarin kati ba zai ƙara komai ba. Mafi girman abin da ya dace da wannan bod shi ne i7-6700, mai zare takwas, shi ma wat 65.

RAM ɗinka ma tana cikin matsalar, wataƙila ma fiye da yadda kake zato. 8GB ta yi kaɗan ga Premiere, kuma idan sanda ɗaya ce, hanya ɗaya take aiki maimakon biyu. 7040 DDR4 take ɗauka, ba kamar 3040 da 5040 masu DDR3L ba, don haka ka faɗi lambar daidai a shago. Sanda biyu masu 8GB, a gurabe masu kalar maƙalli iri ɗaya. Idan kuɗin ba zai kai RTX 3050 da RAM tare ba, GTX 1650 da 16GB ya fi RTX 3050 da 8GB daɗin aiki.

Maganar VGA. Tun daga jerin GTX 10 na Nvidia da RX 400 na AMD aka daina fitar da siginar VGA daga cikin kati. HDMI da DisplayPort za ka samu, wani lokaci da DVI-D. Ƙaramin kan nan da ke juya DVI zuwa VGA ba zai yi ba, domin shi waya ce zalla, yana jiran siginar da DVI-D ba ta da ita. Abin da kake buƙata adafta ce mai 'yar na'ura a ciki, daga HDMI ko DisplayPort zuwa VGA. Tana aiki, sai dai hoton ba ya kai kaifin na asali, kuma mai gyara kalar bidiyo ya kamata ya sa canjin monita a lissafinsa na gaba. Ka duba bayan monitar tukuna, da yawa daga na ofis suna da DVI ko DisplayPort a ɓoye kusa da VGA ɗin, mai ita bai taɓa lura ba.

VGA ɗin nan kuma ita ce ke tona asirin jabu. An cika kasuwa da tsofaffin katuna irin GTS 450 da GTX 550 Ti na 2010 da 2011 waɗanda aka sauya wa BIOS suna nuna kansu a matsayin GTX 1050 Ti mai 4GB. Windows za ta nuna sunan ƙaryar, kwalin ma haka. Idan ka ga GTX 1050 Ti ko 1650 da shuɗin ramin VGA a baya, ka fara zargi. Tabbacin yana cikin manhajar GPU-Z, kyauta ce, ka je da ita a filasha. Tana rubuta FAKE a gaban sunan da yawa daga cikinsu, kuma tana nuna adadin ƙwayoyin lissafi: 1050 Ti na gaske 768, GTX 1650 896, RTX 3050 mai 6GB 2304, GTS 450 kuwa 192. RX 580 ɗin da aka yi maka tayi ma yana da nasa: na asali 2304 ne, amma yawancin masu arahar nan 2048SP ne, wato RX 570 da sabon suna, da yawansu kuma sun shekara suna haƙar kirifto dare da rana kafin a wanke su a sa musu sabuwar riga. Araha ba ta ado.

Katin hannu ba a sayensa a kashe. Ka ɗauki kwamfutarka ka je da ita, a sa shi a cikinta a gabanka, a rufe murfin. Gwaji a teburin mai shago da fawa-fak na wat 700 bai ce komai game da taka ba. A bar FurMark, manhajar da ke ɗora wa kati aiki mai nauyi don gwaji, yana gudu minti 15 zuwa 20 kana kallon zafi. Katin Nvidia yakan fara rage gudu da kansa a wajen digiri 83. Idan ya haye can cikin minti biyu, ko dai man da ke tsakanin guntun da ƙarfen sanyaya ya bushe, ko fanka ta gaji. Ɗigo-ɗigo masu kala, layuka, ko allo ya yi baƙi ya dawo, alamar ƙwaƙwalwar katin ta fara lalacewa ce, kuma wannan ba gyaran man sanyaya ba ne, ka ajiye shi. Ka gwada kowane rami na baya ɗaya bayan ɗaya. Ka juya fankar da yatsa a kashe ka ji ko tana karce. Ka dubi bayan allon katin: inda ya yi ruwan ƙasa ko ya canza kala ya sha wuta, wataƙila an gasa shi da bulowar zafi don ya farfaɗo na 'yan makonni. Ka kuma nemi a rubuta maka kwanakin garanti a rasit tare da lambar jikin katin.

Sa shi ba wuya. Kafin komai ka sabunta BIOS daga shafin Dell, kuma kada ka yi haka sai da UPS ko imbata, don ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aiki tana kashe madabod. Ka danna F2 lokacin tashi ka duba ko a UEFI take tashi ko Legacy. Sabbin katuna sun fi son UEFI, wasu ma baƙin allo suke ba da a Legacy. Idan Windows ɗinka an sa ta ne a Legacy, kada ka juya kai tsaye, ba za ta tashi ba. Sai an fara mayar da hadis daga MBR zuwa GPT da umarnin mbr2gpt da ke cikin Windows 10, bayan ka kwafe ayyukan mutane zuwa wani wuri. Daga nan ka kashe, ka zare waya, ka danne maɓallin kunnawa daƙiƙa goma don sauran wuta ta fita, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannu. Wannan taɓawar ba al'ada ba ce kawai: a hunturu, da iska ta bushe, wutar da ke taruwa a jiki tana isa ta lalata guntu. Ka cire ƙarfen da ya rufe gurbin a baya, ka daidaita katin, ka danna shi da hannu biyu har maƙallin ƙarshen gurbin ya yi ƙas. Idan kana ganin zinariyar haƙoran katin a waje, bai zauna ba.

Kuskuren da ya fi yawa bayan nan shi ne barin wayar monita a ramin madabod. A sabon katin za ta koma. Idan an bar ta a sama, ko dai allo ya ƙi kawowa, ko ya kawo amma wasa yana tafiya a kan Intel HD 530, girafik ɗin da ke cikin furosesa, kamar da, mai ita yana zagin kati. Direba kuma daga shafin Nvidia ko AMD za ka sauke, ba daga tarin direbobin da ake kwafa a filasha ba. Idan a da akwai wani kati a ciki, ka goge tsohon direbansa da manhajar DDU tukuna. A Premiere ka shiga saitin aikin ka tabbata yana kan CUDA, wato aiki da katin Nvidia, a wurin fitarwa kuma ka zaɓi matsewa ta na'ura, in ba haka ba zai ci gaba da ɗora wa furosesa kamar babu kati.

Akwatin OptiPlex an yi shi ne don ɗaki mai iyakwandishan da furosesa ɗaya mai wat 65. Ka ƙara masa wat 70 na zafi, a garin da Afrilu ke kai digiri 40. Kada ka sa ta a ƙasa ko cikin lokar tebur, ka ba bayanta tazarar taƙi guda daga bango. Ƙurar hunturu takan toshe ƙarfen sanyaya cikin watanni kaɗan, musamman na katin LP mai 'yan ƙananan fankoki. Ka hure ta da bulowa duk wata biyu a lokacin, kana riƙe da fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Cire murfin gefe yana rage zafi a rana ɗaya, ya ninka ƙura a wata ɗaya.

Wutar gida ma ta shiga lissafi, tunda cin kwamfutar ya kusa ninkawa. Lambar da ke jikin UPS ta VA ce, ba wat ba. Mai 650VA abin da yake iya ɗauka wajen wat 360 zuwa 390 ne, wanda ya isa 7040 da kati mai wat 75 da monita ɗaya, idan batirinsa na da rai. Batirin da ya shekara biyu yakan riƙe kwamfutar tana zaune, ya sake ta da zarar kati yana aiki, don haka ka gwada shi ana cikin wasa, ka zare daga bango ka gani. Ƙaramin janareta kuma ka bar shi ya daidaita kafin ka kunna, kuma ka kashe kwamfutar kafin mai ya ƙare, don hawa da saukar da yake yi a ƙarshe ne ke cin fawa-fak. Na 7040 ba a kowane shago ake samunsa ba.

Idan ka auna ka ga abin da kake so ya fi ƙarfin wat 75, misali aikin 4K ko manyan wasanni, kada ka zuba kuɗi a adafta. Windows 10 ta daina samun tallafi na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga ƙarni na 8 na Intel take farawa, don haka wannan bod ɗin ya kusa ƙarshen tafiyarsa ko ta ina. Ka sayar da ita yadda take, ka haɗa wata a akwatin ATX na kasuwa da fawa-fak na wat 550 zuwa 650 daga kamfanin da aka sani, mai wayar haƙora takwas tasa ta kansa. A can ne RTX 3060 mai 12GB yake da ma'ana, kuma ka tabbata mai 12 ɗin ne, don akwai mai 8GB da aka rage wa faɗin hanyar ƙwaƙwalwa daga bit 192 zuwa 128. RX 6600 mai wat 132 da RTX 4060 mai wat 115 su ma suna wannan sahun, na biyun kuma yana matse AV1. SSD ɗinka da monita za su bi ka zuwa sabuwar, RAM ɗin ma haka idan bod ɗin mai DDR4 ne.